Cutar saiwa a gandun daji: ba duka ne abokan gaba ba, baƙuwar ita ce abin tsoro

Mutanenmu da yawa, manomi da ɗan boko duka, sun ɗauka cewa da zarar hukuma ta shata daji tace wannan gandun gwamnati ne, ba sara ba noma ba kiwo, to shikenan itatuwan ciki sun tsira. An hana gatari, an hana wuta, an hana akuya, saura me kuma? Saura abin da yake ƙarƙashin tafin ƙafa, wanda askarin gandu bashi da harsashin harbinsa. Ƙasar da ke cikin gandun dajin Dindir a nan Sudan, ko ta dazukan bagaruwa da suke jere a bakin kogin Nil Azrak tun daga Rusairis har Sinja har Sinnar, cike take da ƙwayoyin da suke cin saiwa, kuma ba iri ɗaya bane ba iri goma ba. Abin da nake so mu gane shine yawan nasu ba shine matsalar ba, wani lokacin ma shine lafiyar dajin. Matsalar tana wani wajen daban, kuma abin takaici sau da yawa masu ƙaunar dajin ne suke kawo ta da hannunsu.

Bari dai mu fara sanin su waye. Ɗan cokali guda na ƙasa mai rai zaka samu bakteriya a ciki sun kai ɗaruruwan miliyoyi, ga zaren fangas wato dangin funfuna, ga ƙananan tsutsotsi da sai da madubin likita ake ganinsu. Mafi yawansu ba ruwansu da cutar da kowa, ruɓar da ganye suke suna mayar da shi taki, wasu ma abokan itace ne na ƙut da ƙut, kamar bakteriyan da suke yin ƙulli a saiwar bagaruwa da dakwara da gawo suna jawo musu abinci daga iska, da fangas ɗin da yake manne a saiwa yana miƙa zarensa nesa yana kawo ruwa. Masu cutar 'yan kaɗan ne a cikin wannan taro, amma su ma gida-gida ne kuma kowa da salon aikinsa.

Wanda manomanmu suka fi shan wahalarsa ko da basu san sunansa ba shine wani fangas mai suna Fuzariyam. Yana shiga ta saiwa ya hau jijiyoyin da suke kai ruwa sama ya toshe su, sai kaga shuka tayi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa a jiƙe take, da yamma ta ɗan farfaɗo, bayan kwanaki ta tafi gaba ɗaya, in ka tsaga karan sai kaga cikinsa yayi ja-ja ko ruwan ƙasa. Abin mamaki game da shi, jinsi ɗaya ne amma ya rabu kashi sama da 100, kowanne da abincinsa. Na auduga daban, kuma a cikin na audugar ma akwai reshen da a nan Sudan aka fara bayyana shi, na ful masri daban, na kabkabe daban, wato dangin waken da ake nomawa a jihar Shimaliyya, na tumatir daban, na ayaba daban, na dabino daban. A madubi duk kamarsu ɗaya. Kuma akwai da yawa daga cikin jinsin da basa cutar da komai, suna zaune ne kawai a ƙasa. Na ayaban shine ya gama da irin ayabar da duniya take ci kafin shekarun 1950, sabon reshensa kuma an ganshi a Jodan da Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019, kuma ƙwayarsa tana iya kwanciya a gona shekaru gommai tana jira, wannan kam masu ayaba a Sinja da Kasala ya kamata ya hana su barci. Na dabinon shi ake kira bayud, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yanzu ya kashe bishiyar dabino sama da miliyan 10 a Maroko kaɗai.

Sai Makrofomina, wannan ɗan ƙasarmu ne ta fuskar hali don zafi da fari yake so. Yana kama tsirrai sama da iri 500. Wanda ya taɓa noma a Gadarif ya san shekarar da ruwa ya ɗauke bayan dawa ta fidda kai, sai kaga kara yana zubewa da zangarniyarsa, ka ɓare shi ciki ya zama fanko da wani baƙin gari kamar an daka gawayi, haka yake yiwa riɗi da wake da gyaɗa. Baƙin garin nan 'ya'yansa ne masu taurin rai da suke komawa ƙasa su jira baɗi. Akwai kuma Rizoktoniya da Fitiyam, su ƙananan tsiro suke bi, sune suke sa ka shuka iri a mashtal, wato wajen rainon dashe, ya fito gwanin sha'awa sai da safe ka tarar duk sun kwanta, wuyansu ya ruɓe daidai inda ya taɓa ƙasa. Ga nematod, wato ƙananan tsutsotsin nan, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa tayi ƙulle-ƙulle, ga bakteriyan da ke sa tumatir da dankali su faɗi da koren ganyensu. Waɗannan na wuce su da sauri don ba a kansu maganar take ba.

Wanda nake so a riƙe sunansa shine Fitoftora. Ana haɗa shi da fangas amma ba fangas bane, shi da Fitiyam danginsu ya fi kusa da wasu ciyayin ruwa, kuma wannan ba maganar aji bace kawai don tana da tasiri a gona: 'ya'yansa iyo suke yi. Suna da ɗan bulala guda biyu, in ƙasa ta jiƙe sharkaf sai su fito su bi ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa suna bin ƙanshin saiwa har su same ta. Shi yasa duk inda ruwa yake kwanciya, bakin tur'a wato magudanar ban ruwa, kwari, wajen da ake ban ruwa fiye da kima, nan ne gidansa. Masu lambun lemu sun sanshi, shine yake sa gindin bishiya ya riƙa zubar da ƙaro ɓawon ya ruɓe. A tsakiyar shekarun 1990 jinsinsa da aka sani wajen 60 ne, yanzu sun kai wajen 200, ba wai sababbi aka halitta ba, neman ne aka fara yi da gaske a dazuka da rafuka maimakon gonaki kaɗai.

To in duk waɗannan suna cikin ƙasar daji, me ya hana su cinye dajin tun zamanin kakanni?

Amsar tana da daɗi. A 1970 wani masani Ba'amurke mai suna Janzen, da wani kuma Connell a 1971, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo bayani kan wata tambaya da ta daɗe tana damun masana: me yasa a dajin da ba'a taɓa ba zaka ga itatuwa iri-iri a cakuɗe, maimakon wanda ya fi ƙarfi ya mamaye ko'ina? Suka ce kowace uwar bishiya tana tara maƙiyanta a gindinta, ƙwari da cututtukan da suka ƙware a kanta ita kaɗai, ita ta girma tana iya jurewa, amma 'ya'yanta da suka faɗo ƙarƙashinta basa iyawa, yawancinsu mutuwa suke. Wanda tsuntsu ko dabba ko ruwa ya ɗauka ya kai nesa shi yake rayuwa. Gurbin da ya rage a gindin uwar sai ɗan wata bishiya daban ya samu, don shi cutar wajen bata sanshi ba. Wato cutar ƙasa tana aikin sarkin kasuwa ne, wanda yake hana ɗan kasuwa ɗaya kama rumfuna duka komai kuɗinsa.

Kuma an gwada, ba hasashe bane kawai. A Amurka akwai wata bishiyar ceri ta daji, a 2000 aka nuna cewa 'ya'yanta suna mutuwa a ƙasar gindin uwa saboda Fitiyam, amma in aka dafa ƙasar aka kashe ƙwayoyin sai su rayu lafiya lau. Ita wannan bishiyar da aka kai ta Turai ta bar maƙiyanta a gida, sai ta zama annoba a dazukan Holan da Jamus. A ƙasar Beliz kuma an fesa maganin fangas a wasu filaye cikin daji, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna ire-iren tsiron da suka fito sun ragu, 'yan kaɗan suka danne saura. Ka duba fa, an kashe cuta sai daji ya talauce.

Akwai kuma wani ɓangaren: a ƙasar da take da rai sosai, masu cutar ma basa sakewa. Akwai fangas irin su Tirikodarma da suke cin 'yan uwansu, akwai bakteriyan da suke fitar da guba a kewayen saiwa, akwai gasar abinci. Kuma itatuwan a warwatse suke, cutar da ta ƙware a kan dushe sai ta tsallake aduwa da magarya da goruba kafin ta samu wani dushen. Ka kwatanta da mashru'in Gadarif, wato babban shirin noman can, inda tun shekarun 1940 ake noman tarakta, gona fadan dubu (fadan ma'aunin gona ne) ta dawa iri ɗaya, bana dawa baɗi dawa, in an canza a sa riɗi wanda shi ma Makrofomina yana ci. A gona ire-iren masu cutar basu da yawa amma kowanne ya tara runduna, a daji ire-iren suna da yawa amma ba wanda ya isa yayi sarauta. Don haka in wani ya ɗebi ƙasar Dindir ya kai lab ya dawo da dogon jerin sunaye masu ban tsoro, wannan jerin shi kaɗai baya nufin dajin bashi da lafiya.

Hatta ƙuduji, wanda Larabawan nan suke cewa buda, da yake shi ma daga ƙasa yake kama saiwar dawa kuma irinsa yana shekara fiye da goma a kwance, yana da nasa Fuzariyam ɗin da yake kashe shi, an taɓa ware irin wannan fangas daga ƙudujin Sudan, kuma a Kenya yanzu haka manoma suna amfani da wani irinsa a gonar masara. Wanda yace a share ƙasa daga duk wani Fuzariyam har da wannan zai share.

Yanzu ga inda abin yake lalacewa. Duk wannan zaman lafiyar ya ginu ne a kan cewa bishiyar da cutar sun daɗe tare, dubban shekaru suna kokawa har kowa ya san iyakar ɗan uwansa. Ranar da aka kawo baƙuwa daga wata nahiya, wadda itatuwan wajen basu taɓa haɗuwa da ita ba kuma maƙiyanta basu biyo ta ba, ranar lissafi ya rushe.

Misalin da ya fi kowanne shine kudu maso yammacin Ostireliya. Akwai wani Fitoftora da aka fara bayyana shi a 1922 a jikin bishiyar kirfa a tsibirin Sumatra. Ya shiga Ostireliya, mutane suka fara ganin itatuwa suna mutuwa fili-fili tun shekarun 1920, amma sai tsakiyar shekarun 1960 aka gane shine sanadi, kuma a tsakanin nan motocin katako da katafilolin gyaran hanya sun gama yaɗa shi da laka da tsakuwar da suke ɗebowa daga wajen da ya kamu suna zubawa a wajen da bai kamu ba. Yankin yana da tsirrai na asali wajen 5,700, kusan kashi 40 cikin ɗari nasu cutar tana kamawa, kuma da yawa babu su a ko'ina a duniya sai can. Gandun Stirling Range wajen kariya ne na ƙasa da doka da ma'aikata da komai, amma ya shiga ya ci. A Niyuzilan kuma wani ɗan uwansa ne ya kama kauri, bishiyoyin da suke shekara fiye da dubu, har a 2018 aka rufe yawancin hanyoyin dajin Waitakere, ɗan Adam ma ba'a yarda ya taka ba, inda aka bari a shiga kuma sai ka goge takalminka ka fesa masa magani a bakin ƙofa. Ƙasashe ne masu kuɗi da jami'o'i, kuma har yau ba wanda ya iya fitar da cutar daga dajin da ta shiga. Abin da suke yi shine fesa ko allurar wani magani da yake ƙarawa bishiya juriya, bayan 'yan shekaru a sake.

Amma wanda ya fi shafarmu shine na Kalifoniya. Daga 2012 aka fara gano wani baƙon Fitoftora a mashtal ɗin da suke raino tsirran gida musamman don farfaɗo da dazukan da suka lalace, aka bi sawu sai aka same shi a wuraren da aka dasa su. Wato aikin gyaran dajin shine ya kai cutar cikin daji. A Turai ma wani babban bincike da ya fito a 2016 ya duba mashtal sama da 700, aka samu Fitoftora a sama da kashi 90 nasu, kuma galibin dashen ganyensu kore shar, ba alamar komai. Dalili kuwa a fili yake. Mashtal waje ne da ake tara tsirrai daga wurare daban-daban a matse su waje ɗaya, a jiƙa su kullum, ruwan da ya fita daga wannan leda ya shiga waccan, sannan in an ga alamar ciwo a zuba magani, maganin kuma yawanci baya kashe cutar, kwantar da ita kawai yake, dashe ya tafi da ita a saiwarsa. Lambunan adana tsirrai ma, irin na Mugran a Khartum da yake nan tun 1954, ta wannan ɓangaren haɗarinsu ya fi na daji, don aikinsu kenan tara baƙi daga ko'ina.

To mu dawo gida. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 gas yayi wuya, mutane suka koma itace da gawayi, masu gudun hijira suka cika garuruwa, an sare itatuwa ba adadi, kuma ba wanda zai zargi uwar da take neman abin dafawa 'ya'yanta asida. Abin da zai biyo baya kowa ya sani: kamfen na dashe. Munazzamomi, wato ƙungiyoyin agaji, zasu zo, matasa zasu fito da riguna iri ɗaya, ga Babbar Koriyar Ganuwa, shirin dashen itatuwa don tare hamada da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar tun 2007 da Sudan a ciki, ga maƙwabtanmu Saudiyya da suka yi shelar bishiya biliyan 10 a 2021 wanda shima kasuwar dashe ce babba. Niyya mai kyau ce wallahi. Amma ka duba yadda ake haɗa dashe a wajenmu: a ɗebo laka daga bakin kogi ko daga gonar kayan lambu da ke kusa, a gauraya da yashi da taki, a cika leda, a jera a ƙasa cikin rami, a riƙa malala musu ruwan tur'a wanda ya ratso hawashoshi, wato gonakin ban ruwa, da lambunan lemu da na ayaba. Bayan wata huɗu a loda a lori a kai gandun daji. Kowace leda kusan kilo guda ce ta ƙasar wani waje, da saiwa mai rai a ciki wadda ita ce abincin cutar a hanya. Dashe dubu ɗari kenan tan wajen ɗari na baƙuwar ƙasa an rarraba ta rami-rami a cikin wajen da aka ce ana karewa.

Kullum in ana maganar abin da ke shiga Dindir makiyaya ake nunawa da yatsa, kuma gaskiya ne kofato yana ɗaukar taɓo, tayar tarakta ma haka, takalmi ma haka. Amma a nawa ganin saniyar da ta shekara aru-aru tana bin burtali ɗaya tsakanin Butana da kudu ba ita ce zata kawo abin da ƙasar bata sani ba. Lorin dashe daga wata jiha, ko 'ya'yan dabino da na ayaba da aka shigo da su daga waje ba tare da an tsare su an duba ba, su suka fi bani tsoro. Kuma mun riga mun ga darasin baƙo a wannan ƙasa ko da ba cuta bane, bishiyar miskit mai ƙaya da aka kawo a 1917 don tare hamada, ya cinye Tokar da Gash da Halfa Jadida har a 1995 aka ce a tumɓuke shi, har yau ana fama. Shi ana ganinsa da ido ma kenan.

Sai dai kar a ɗauka duk bishiyar da ta bushe cutar ƙasa ce. Dazukan bagaruwa na Nil Azrak, waɗanda da katakonsu aka riƙa shimfiɗa layin dogo, sun daɗe suna fama da bushewar rassa daga sama, kuma malaman gandu sun jingina abin da wani ƙwaro mai huda ƙarƙashin ɓawo da kuma lakar da ambaliya take tarawa tana binne gindi. Bagaruwar nan rayuwarta a kan ambaliya take, ruwa ya shiga kwarin ya kwanta watanni ya janye. An gina madatsar Sinnar a 1925, ta Rusairis a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, Habasha ta fara cika tata a 2020, kowanne yana canza lokacin zuwan ruwa da daɗewarsa. Kuma cuta bata tashi sai abu uku sun haɗu: ƙwayar tana nan, bishiyar tana da rauni, yanayi ya dace. Kwarin da ruwa ya daɗe a ciki fiye da da, masu iyo ne zasu ji daɗi. Wanda ruwa ya daina kaiwa, masu son fari ne zasu tashi. Ƙwayar da ta shekara ɗari tana zaune lafiya da bishiya zata iya zama mai kisa ba tare da an kawo komai daga waje ba, kawai don bishiyar ta galabaita. Shi yasa tambayar "wace cuta ce ta kashe ta" sau da yawa bata da amsa guda, ƙwaro ya samu bishiyar da ƙishi ya raunana, fangas ya ƙarasa.

Gano su ma aiki ne. Hanyar da ta daɗe ita ce a yanko saiwar da ta ruɓe a ɗora a faranti mai abinci a ga me zai tsiro, amma masu saurin girma suna rufe masu jinkiri, Fitoftora kuwa sau da yawa baya fitowa ta haka. Shi tarko ake masa, a zuba ƙasa a roba a cika da ruwa a ɗora ɗanyen ganye yana yawo a sama, 'ya'yan su yi iyo su kama ganyen. Yanzu kuma akwai karanta DNA, wato ƙwayar gadon halitta, na duk abin da ke cikin ƙasar a lokaci ɗaya, shine yake fito da sunaye ɗari-ɗari. Yana da amfani ƙwarai amma yana da ruɗi, don yana karanta matacce da mai rai, kuma zai ce maka ga Fuzariyam ba tare da ya gaya maka mai kisa bane ko mai zaman banza. Amfaninsa na gaske shine a san su waye 'yan gida tun yanzu, domin ranar da baƙo ya bayyana a gane shi baƙo ne. Wannan aikin kuwa na Hukumar Binciken Noma ne da ke Wad Madani da jami'o'inmu, kuma kowa ya san abin da ya samu Madani daga Disamba 2023 da yaƙi ya isa garin. Rumbun adana iri na ƙasa yana can, an lalata shi, Allah ya taimaka ma'aikata suka ceto abin da suka iya, a Fabrairu 2025 aka kai wani kaso na irin dawa da gero da sauransu rumbun adana iri na duniya da ke Svalbard a Norwe. Iri ana iya sa shi a ambulan a daskarar da shi. Taron halittun da ke ƙasar wani kwari a Dindir, wanda aka ware tun 1935 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na wuraren kariya a 1979, ba ambulan ɗin da zai ɗauke shi, in ya rikice ya rikice a wajen.

Abin da ya bani ƙwarin gwiwa shine hanyar da ta fi aminci ita ce wadda muka riga muka iya. Bagaruwa a Nil Azrak tun asali ba dasa ta ake ba, iri ake jiƙawa a watsa a laka lokacin da ruwa yake janyewa, dakwara ma manoman Kurdufan sun saba shuka ƙwayarta kai tsaye cikin gona. Iri tsaftatacce baya ɗauko ƙasar wani gari. Sannan ga abin da 'yan uwanmu na Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, sassaben zamani, wato maimakon dasa sabo sai a bar kututturen da yake tohowa a rage masa rassa a kula da shi, da haka aka dawo da itatuwa a miliyoyin hekta a Nijar ba leda ko ɗaya. Bishiyar da aka sare bara don gawayi, in ba tumɓuke ta akayi ba, saiwarta tana nan da ranta tare da abokanta na ƙasa. Mu a garin Mai Wurno na jihar Sinnar da ƙauyukan kewaye ba sai an koya mana wannan daga waje ba, aikin kakanninmu ne.

Inda kuma dole sai anyi dashe, to a gyara mashtal ɗin, kuma ba kuɗi mai yawa yake ci ba. A ɗaga ledojin daga ƙasa a kan bulo ko tebur yadda ruwan wata bazai shiga wata ba, a yi ban ruwa da na rijiya ko famfo maimakon na tur'a, a raini dashen kusa da inda za'a dasa shi ba a ƙetaro da shi jihohi uku ba, wanda ya nuna ciwo a ƙona shi kar a yi masa magani a tura. Ƙasar ledar kuma a dafa ta. Da can gubar metil buromaid ake turarawa, amma yarjejeniyar Montiriyal ta hana ta a ƙasashe irin namu tun 2015, kuma ba'a yi asara ba. Barmil da ruwa kaɗan a ƙasansa da wuta ya isa, in tururi ya ratsa ƙasar ta kai digiri 60 ta riƙe rabin awa yawancin masu cutar sun mutu. Ko a jiƙa ta a shimfiɗa siriri a rufe da farar leda mai nuna ciki sati huɗu zuwa shida a zafin Afrilu da Mayu, rana kam bamu da ƙarancinta. Sai dai a sani Makrofomina ɗan zafi ne, ledar rana bata cika gamawa da shi ba musamman in ƙasar tayi kauri, shi sai tururin.

Wahalar ba a nan take ba, tana wajen lissafin masu bada kuɗi. Mashru'in dashe ana auna shi ne da adadin ledar da aka sa a rami a ranar biki, kuma mai watsa iri ko mai gyaran kututture bashi da hoton da zai tura. Cutar saiwa kuwa takan ɗauki shekara biyu uku ko fiye kafin ta nuna a ganye, lokacin mashru'in ya rufe, rahoto ya tafi, ma'aikatan sun koma wani aiki, in itatuwan kewayen suka fara bushewa za'a ce fari ne. Don haka kwamitocin unguwa da shehunan ƙauye da suke karɓar waɗannan lorori suna da haƙƙin su tambaya kafin a sauke, daga wane mashtal, ƙasar ina aka cika, da wane ruwa aka raina, an zuba musu maganin fangas a makonnin nan ko ba'a zuba ba. Dashen da ba'a samu amsarsa ba a dasa shi a bakin titi da harabar makaranta da cikin gari, kar a shiga da shi gandun.